Wace Zariya muke ɗauka a hoto?

Ɗan Kwarbai:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau na ce bari in kawo ta gabanku. Kowa ya buɗe wayarsa ya duba hotunan Zariya da muke yaɗawa. Ƙofar fada ce, hawan Sallah ne, hawan Daushe ne, dawakai da 'yan lifidi, sai gadar Ƙofar Doka da dare, sai ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Duk suna da kyau, ban ƙi ba. Amma ba su ne ke ɓacewa ba. Abin da ke ɓacewa shi ne zauren da kakanninmu suka zauna, da soron da ke da zane a goshinsa, da rimin da unguwa ta ci sunansa, da guntayen ganuwa da ake ɗiba ana cike rami. Damina ɗaya ta isa ta kwantar da soro, mai gida ya kira masu bulo, shi ke nan, ko hoto ɗaya ba a bari ba.

Da wani sashe na babban masallaci ya rufta ana sallar La'asar ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu da rahama, na ga mutane sun tashi neman hotunan cikin masallacin na da. Mu da muka yi sallah a cikinsa tun muna yara, yawancin abin da muka samu baƙi ne suka ɗauka. Wannan abu ya tsaya mini a rai har yau.

Shawarata ita ce mu raba garin unguwa-unguwa, kowa ya ɗauki tasa da wayar da ke hannunsa, mu tara wuri guda. Me kuka gani?

Baba Mai Hoto, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Na ci abinci da kyamara tun zamanin fim, lokacin da sai ka shiga ɗaki mai duhu ka wanke kafin ka san ko aikinka ya yi. A lokacinmu ba wanda zai biya ka ka ɗauki bango. Aure ake kiranmu, da suna, da naɗin sarauta, da fasfo na masu tafiya Makka. To amma ka duba bayan mutanen da ke cikin waɗannan hotuna. Ango da abokansa sun jeru a ƙofar gida, a bayansu ga zaure, ga zankwaye, ga indararo, ga zanen keke ko takobi a saman ƙofa. Ba don gidan muka ɗauka ba, amma gidan ya shiga. Saboda haka kafin ku fita yawo da waya, ku fara da akwatunan iyayenku mata. Tsohuwar Zariya tana cikin albam na biki.

Abin da ke ba ni baƙin ciki, na san shagon hoto da mai shi ya rasu, magada suka kwashe buhunan nagatif, wato fim ɗin da ake wanke hotuna daga jikinsa, suka ƙone don a ba da hayar ɗakin. Ba mugunta suka yi ba, ba su san abin da ke ciki ba ne.

Injiniya na Gyallesu:
Ku yi haƙuri, ni zan ɗan saɓa. A gidan ƙasa aka haife ni. Na san tashin dare a ɗauki kwano ana tarar ɗigar ruwa, na san fargabar uwa idan hadari ya haɗo a watan Agusta. Masu zuwa su ɗauki hoton soro su ce kai, al'ada, ba su ne ke kwana a ciki ba. Sun ɗauka sun koma gidajensu na siminti. Ina tsoron kada wannan aiki ya zama hanyar kunyata talakan da ya samu ɗan hali ya rushe ya yi na bulo. Rai ya fi zane.

Ɗan Kwarbai:
Yaya Injiniya, wallahi ban ce kowa ya zauna a ƙarƙashin rufin da zai faɗo masa ba. Cewa na yi kafin a rushe a ɗauka. Mai gida na da ikon gidansa. Jikokinsa kuma na da haƙƙin su ga inda aka fito.

Jikan Magina:
Injiniya, ranka ya daɗe, maganarka akwai gaskiya a ciki, amma bari in ƙara maka wani abu, don gidanmu wannan sana'a muka gada. Ginin ƙasa ba ya kashe mutum don ƙasa ce. Yana kashewa ne idan an daina kula da shi. A da, da zarar kaka ta wuce ake hawa a duba rufi, a share bakin indararo, a toshe tsaga, a sake yaɓe. Yanzu wa ke yi? Sai a shafa siminti a kan bangon ƙasa a ce an huta. Simintin ya tsage, ruwa ya shiga ta baya, ba shi da hanyar fita, ƙasar ta jiƙe tana ruɓewa a ciki alhali waje na nan fes. Ranar da zai zube babu sallama.

Shi ya sa nake roƙon masu ɗaukar hoton nan, kada ku tsaya a kwalliyar gaba. Idan kun samu bangon da ya rushe, ku matsa kusa ku ɗauki cikinsa. Za ku ga tubali a jere, kowanne da hannu aka mulmula shi, gindi faɗi kai tsini, an kafa shi tsinin na kallon sama, an cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Za ku ga bangon ya yi kauri a ƙasa yana sirancewa yana hawa. Ku ɗaga kai ku ɗauki azara. Daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cika damunta ba, amma ita kaɗai ba ta ɗaukar ɗaki mai faɗi. To dabarar magina ita ce a dasa ta cikin bango hawa-hawa, kowane hawa ya ɗan leƙo gaban na ƙasansa, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Shi ne bakan gizo. Idan bakuna suka gitta juna suka ɗauki tulluwa, ka samu ɗaurin guga. Wanda bai taɓa ganin cikin wanda ya karye ba zai ɗauka ƙasa ce kawai aka lanƙwasa.

Sai abin da ake shafawa. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake jiƙa ta. Laso kuwa, wanda ke hana rufi yoyo, da katsi ake yinsa, wato abin da ke kwantawa a gindin rijiyar marina, a haɗa da gashin jima da dafara. Ka ga ke nan magini na dogara da marini da majemi. Da marina suka mutu, katsi ya yi wuya, rufin ma ya bi su. Wannan sarƙar ce nake so hoto ya nuna, ba zane kaɗai ba.

Injiniya na Gyallesu:
Batun siminti a kan ƙasa gaskiya ne, na sha gani a wurin aiki. Amma har yanzu ina kan bakana cewa kuɗin gyaran shekara-shekara ya fi ƙarfin mutane da yawa, ga maginan sun yi ƙaranci. Hoto ba zai biya magini ba.

Malama daga Kongo:
Ba zai biya ba, Injiniya, amma ga abin da ya taɓa yi. Masallacin da ake magana, a shekarun 1830 aka gina shi, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, kuma Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina. A shekarun 1970 aka kewaye shi da sabon gini na zamani aka bar tsohon a ciki. Wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Foland, Dmochowski, ya auna shi, ya zana, ya ɗauki hotuna, kuma a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos an gina irinsa. Yau Bazazzagin da ke son ya nuna wa ɗansa yadda Babban Gwani ya tsara ginshiƙai da bakuna yana da inda zai kai shi. Awo da hoto ne suka sa hakan ta yiwu.

Amma ina da gargaɗi, don ina koyar da tarihi kuma ina ganin ɓarnar da ake yi. An ce gani ya kori ji, to hoton da ba shi da suna ba ya korar komai, ƙarya ma yake haifarwa. Sau nawa aka saka hoton wata ƙofa ta Kano a Facebook aka rubuta Zariya a 1900? Sau nawa aka saka zanen wata mace a kan doki aka ce hoton Sarauniya Amina ne? Amina a wajen ƙarni na 16 masana da yawa ke sa zamaninta, ɗaruruwan shekaru kafin a ƙirƙiro kyamara. Duk fuskar da kuka gani tunanin mai zane ce. Abin da za a iya ɗauka shi ne Turunku, da Dutsen Kufena, da Madarkaci, da abin da ya rage na ganuwa. Ko ganuwar ma, jingina ta ga Amina ruwayar baka ce da muka gada, sai a rubuta ta a matsayin ruwaya.

Don haka duk hoton da za a turo ya zo da unguwa, da ranar da aka ɗauka, da inda mai ɗauka ya tsaya yana fuskantar ina. Idan an san maginin ko mai zanen a rubuta. Idan dattijo ne ya ba da labari a ce daga bakin dattijon unguwa ne. Wanda bai zo da wannan ba, ado ne kawai.

'Yar Wusasa:
Sannunku da ƙoƙari. Ina ta karantawa tun ɗazu, kuma duk maganar cikin ganuwa ake yi. Mu fa? Ni a Wusasa aka haife ni, Hausa ce harshen da na buɗi baki da shi, kakata daga cikin birni ta fito. A 1929 mishan ta Dokta Miller ta tashi daga birni ta koma gindin Kufena, aka gina cocin Saint Bartholomew da ƙasa da azara, da bakan gizo irin wanda Jikan Magina ya bayyana yanzu. Hannun magina Hausawa ne. Janar Yakubu Gowon a nan ya tashi. In za a ɗauki Zariya a bar Wusasa, an ɗauki rabin fuska.

Baba Mai Hoto, Sabon Gari:
'Yata ta faɗi gaskiya. Sabon Gari ma haka. Jirgin ƙasa ne ya haife mu. Layin Baro zuwa Kano ya ratso nan a 1911, daga baya aka ja ƙaramin layi zuwa Jos don kuza, aka ja wani zuwa Ƙaurar Namoda. Auduga da gyaɗa da fata ta nan suka bi. Ku je tasha ku ga tsofaffin gidajen ma'aikatan reluwe, da manyan rumbunan kamfanonin Turawa da aka mayar shaguna, da benayen Yarabawa da Ibo masu barandar katako. Su ma ruɓewa suke yi, kuma ba wanda ke kuka a kansu don ba su da zanko.

Malama daga Kongo:
Baba, Allah ya ƙara girma. A ƙara da Tudun Wada da Tudun Jukun. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 ta fara fita a garin nan, Abubakar Imam na editanta, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Rubutun boko na Hausa da muke yi a wannan zaure yanzu, a can aka gyara masa zama. Kwalejin Barewa ta taso daga Kaduna zuwa Zariya a 1949, jami'a ta buɗe a 1962, kafin nan ma a kwalejin da jami'ar ta gada ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958. Garin da ake ce wa birnin ilimi, makarantun zaure na cikin birni da azuzuwan Samaru duk nasa ne.

Ɗan Kwarbai:
Na karɓa hannu bibbiyu. A faɗaɗa. Sai dai ina roƙon a fara da na ƙasa, don su damina ke ci da sauri.

Hajiya ta Limancin Kona:
Salamu alaikum. Ni ba mai yawan magana ba ce a nan, amma wannan ta shafe ni. Kwanakin baya wasu samari suka shigo layinmu da kyamara, ba sallama ba komai, suka ɗauki yaranmu suna wasa a bakin kwata, suka ɗauki wata tsohuwa maƙwabciyarmu tana tallan ƙuli a ƙofar gida. Sai ganin ta muka yi tana yawo a waya, an rubuta talauci a Arewa. Matar nan 'ya'yanta na da rufin asiri, sana'arta ce take so. Kwana ta yi tana kuka. To ina tambaya, wannan aikin naku da me zai bambanta da nasu?

Kuma ku sani gidan Bahaushe da zaure aka yi shi don dalili. Baƙo iyakarsa zaure. Wanda aka yarda da shi ya kai shigifa. Cikin gida na mata ne. Kyamara ba ta fi baƙo daraja ba.

Mai Dron na Samaru:
Hajiya, da girmamawa, amma idan sai an nemi izinin kowa ba za a yi komai ba. Titi na kowa ne. Ni da na'urata nake tashi sama in ɗauko unguwa guda cikin minti kaɗan, kuma daga sama ne kaɗai za ka ga layin ganuwa, yadda ta zagayo daga Ƙofar Gayan zuwa Ƙofar Kuyambana, inda gidaje suka hau kanta, da kududdufan da aka haƙi ƙasar gina gari. A ƙasa ba ka ganin wannan.

Hajiya ta Limancin Kona:
Ɗana, daga saman nan me kake gani bayan ganuwa? Tsakar gidana kake gani. Inda nake wanka da yara, inda 'ya'yana mata ke zaune ba mayafi. Katangar da mijina ya gina ka tsallake ta ba tare da ka taɓa ta ba.

Almajirin Zaure:
Hajiya ta yi gaskiya, kuma ba al'ada kaɗai ba ce. Alƙur'ani a Suratun Nur ya hana shiga gidan da ba naka ba sai da neman izini da sallama, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna cewa saboda kallo aka sanya neman izinin. Idon da ke tashi sama ma ido ne. Game da hoton mutane malamai sun yi saɓani, kowa ya bi abin da ya natsu da shi, amma bango da ƙofa da itace ba a yi jayayya a kansu ba. Malam mai na'ura, aikinka na da amfani, sai dai ka nemi hanya.

Mai Dron na Samaru:
Na ji, Allah ya gafarta Malam. Zan iya bin layin ganuwa ta wajen gari inda gonaki suke, in karkata kyamarar kada ta leƙa gidaje. Inda unguwa ta matse kuwa sai an yi magana da mai unguwa ya sanar da mutane rana da lokaci. Abin da ya nuna tsakar gida ba zan fitar ba. Amma ina nan a kan cewa hoton sama dole ne, don shekara goma nan gaba layin ma ba za a gane shi ba.

Hajiya ta Limancin Kona:
In an sanar, an kuma nuna mana kafin a fitar, ba ni da ja. Kuma ga wani abu da ku maza ba za ku taɓa ɗauka ba. Adon ɗakin tsofaffinmu: jeren tasoshi da kwanonin sha a bango, gadon ƙasa, daɓen makuba da ke sheƙi, tukwanen ruwa, rumbu a bayan ɗaki. Surukata har yanzu ɗakinta haka yake, ta ƙi a taɓa mata. Wannan mata ne za su ɗauka, da yardar masu ɗakin, ba fuska. Ku ba mu 'yan mata biyu masu hankali ku koya musu.

'Yar Wusasa:
Hajiya, ni zan zo in kin yarda. Ina da kyamara, kuma zan bar miki katin kyamarar ki duba duk abin da na ɗauka kafin in fita da shi.

Baba Mai Hoto, Sabon Gari:
To tunda abin ya kama hanya, ga nawa na sana'a. Zanen bango tudu da kwari ne, inuwa ce ke fito da shi. Ka zo da tsakar rana, rana na bisa kai, za ka ɗauki bango fili kamar ba a taɓa sa masa hannu ba. Ka zo da hantsi ko bayan La'asar, hasken na zuwa ta gefe, sai ka ga dagi ya tashi, kowane layi da inuwarsa, har sawun yatsun mai zanen. Bangon da ke kallon gabas na safe ne, mai kallon yamma na yamma ne. Hazon hunturu na kashe nesa, amma yana da kyau ga na kusa don yana tausasa haske.

Kowane gida a yi masa aƙalla uku: ɗaya daga nesa da maƙwabtansa, ɗaya gabansa sosai kana tsaye daidai ba ka karkata waya sama ba, ɗaya kusa. A jingina sanda mai tsawon mita ɗaya a bango don a san girma. Idan kun samu tsohon hoto, ku nemi daidai inda mai ɗaukar ya tsaya ku sake ɗauka, a ajiye su gefe da gefe. Kuma kada ku turo ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse shi ya rage masa kyau. Ku turo a matsayin fayil. Waɗanda suka fi muhimmanci a wanke su a takarda, don na ga waya ta faɗa rijiya da aikin shekaru a cikinta.

Malama daga Kongo:
Na tsofaffin kuwa, kada a karɓe wa mutane albam a tafi da shi. A je gidan a kwafa a gabansu a mayar musu. Ni zan tuntuɓi Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke jami'a a Samaru, in ga abin da za a iya samu na Zariya, da kuma ko za su karɓi kwafin namu su adana. Kuma kada a manta da itatuwa. Rimin Tsiwa, Rimin Doko, Rimin Danza, duk sunayen wurare ne da yara ke faɗa ba su san ko itacen na nan ko ya faɗi ba. Inda yake a ɗauka, inda babu a ɗauki gurbin a tambayi dattawa yaushe ya tafi.

Injiniya na Gyallesu:
Ban canza ra'ayi a kan zama cikin gidan ƙasa ba, kuma duk wanda ya tambaye ni zan ce ya fitar da iyalinsa daga ɗakin da ya tsage. Amma zan bi ku da tef ɗin awo. Hoto ba ya faɗin kaurin bango ko faɗin ɗaki, ni zan zana muku shimfiɗar kowane gida da aka yarda mu shiga. Sharaɗina guda: duk inda na ga rufin da ke da haɗari zan faɗa wa mai gidan a take, ko da hakan zai sa ya rushe abin da kuka zo ɗauka.

Jikan Magina:
Ka faɗa masa, ranka ya daɗe, amma ka bari ni ma in duba kafin a kira masu rusau. Wani rufin azara biyu kawai yake nema. Ƙanin kakana na nan da ransa, idonsa ya yi rauni amma ya san wanda ya gina yawancin tsofaffin sorayen da ke tsakanin Kwarbai da Ƙaura, har da waɗanda suka yi zanen. Da safe ya fi sakewa da magana. Wanda zai zo ya zo da abin naɗar murya da goro.

Ɗan Kwarbai:
Madalla. Asabar mai zuwa bayan sallar Asuba mu haɗu a Babban Dodo, mu fara gaida masu unguwa kafin a ciro ko waya ɗaya. Ni da Jikan Magina da Injiniya za mu ɗauki Kwarbai. Hajiya da 'Yar Wusasa su tsara nasu lokacin. Baba, Sabon Gari da tasha na hannunka, a samo maka saurayin da zai riƙe maka jaka. Har yanzu ba mu da kowa a Tudun Wada, da Ƙofar Kibo, da Ƙofar Jatau, da Ƙofar Galadima. Wanda yake zaune a can ya yi magana.